Kurakuran da sababbin mahaya keke ke maimaitawa a tuddan inabin Faransa

Duk shekara da zarar sanyi ya ja da baya a watan Mayu, sai 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Dijon, Lyon da Strasbourg su fara turo mini saƙo: muna so mu zaga gonakin inabi a kan keke, wace hanya za mu bi? In ba su amsa, su tafi, su dawo da ƙorafi iri ɗaya da na waɗanda suka je bara. Bakina ya gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya buɗe taswira a waya, ya duba kilomita, ya rufe. Manomin inabi a Faransa ba ya son shimfiɗaɗɗen fili. Gefen tudu yake nema, inda ruwa ba ya kwanciya kuma rana take dukan ganye tun da hantsi. In ka ce gonar inabi za ka bi, to tudu ka ce za ka bi. Wanda ya taso yana tuƙa keke a Kano ko Maraɗi, inda sai ka yini a hanya ba ka gamu da hawan da zai sa ka miƙe a kan feda ba, da ya ga an rubuta kilomita 60 daga Dijon zuwa Santenay sai ya ce, ai wannan kafin azahar na gama.

Abin da ke yaudarar mutane a yankin Bourgogne shi ne hanyar keken da ake kira Voie des Vignes. Daga Beaune zuwa Santenay kimanin kilomita 22 ce, ta ratsa Pommard, Volnay, Meursault, Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet, kuma a gindin tudun take tafiya, hawanta kaɗan ne. Ko yaro yana yin ta. To daga nan ne zuciya ke ɗebar mutum, ya hango duwatsun Saint-Romain ko fadar La Rochepot a hannun dama, ya ce bari in leƙa, ai ga su nan kusa. A ido suna kusa. Amma Beaune tana wajen mita 220 ne daga matakin teku, tuddan Hautes-Côtes da ke bayanta kuwa sun haura mita 400, kuma cikin 'yan kilomitoci kaɗan za ka biya wannan bambancin da cinyarka.

Wani ƙanenmu ya taɓa jawo mini asarar yini guda a kan wannan. Ya zo da keken haya na cikin gari, mai giya uku da kwando a gaba, ga ƙatuwar jaka a goye. Na ce masa mu tsaya a hanyar ƙasa, ya ce, "Haba Yaya, ni da nake zuwa gona da buhun taki a kariya?" Ba mu yi rabin hawan ba ya sauka, ya zauna a kan katangar duwatsun da ke kewaye da wata gona, ƙafarsa tana rawa, rigarsa sharkaf, ya kasa ko buɗe murfin gora. Ni na tura kekuna biyu har saman tudun, jirgin ƙasan da muka yi niyyar kamawa kuma ya tafi ya bar mu. Ƙarfi yana da shi, ba gardama. Giyar da za ta sauƙaƙa masa hawa ce babu.

Ga yadda nake yi, ko da wasu za su ce na cika tsoro. Kafin in duba nisa, sai na duba jimillar hawan da ke hanyar, domin manhajojin hanyar keke suna nuna shi. Ranar farko ba na yarda a wuce kilomita 40 da hawan mita 400, komai kurin mutum. Keken kuma dole ya kasance yana da giya mai laushi ƙwarai, irin wadda za ka ga kana juya feda da sauri keke yana tafiyar hawainiya. Ka sauya zuwa gare ta tun kafin hawan ya kama ka, domin in ka bari sai sarƙa ta ɗaure sannan ka danna, ko ta zame ko ta tsinke. Kaya kuma su koma jakunkunan gefen kariya, a raba baya da su. In ka san ba ka saba ba, ka hayi keke mai batir, babu abin kunya a ciki. Dattawan Faransawa za su wuce ka a kansa suna hira.

A Alsace ma haka abin yake. Hanyar inabinsu da aka buɗe a 1953 tana da tsawon kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann, kuma kusan duk ƙauyen da ka ga hotonsa ya burge ka, kamar Riquewihr, sai ka ɗan hau kafin ka shige shi. Fadar Haut-Koenigsbourg tana kan mita 757. Kada ka saka ta a matsayin ɗan ratse bayan la'asar. Yini guda za ka ware mata.

Kuskure na biyu, kuma a nan zan ɗan yi faɗa, shi ne fita ba guzuri da tunanin za a sayi abinci a hanya. Wa ya gaya muku ƙauyen Faransa yana da mai shayi a bakin titi? Kantunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana, ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe biyu ko uku. Lahadi da yamma a rufe suke, wasu har Litinin. Gidan abinci yana karɓar masu cin rana daga sha biyu zuwa biyu ne, in ka iso biyu da kwata sai a ba ka haƙuri cikin ladabi, kicin ya tashi. Wasu ƙauyukan da sunansu ya zaga duniya saboda inabi, za ka bi titinsu daga farko zuwa ƙarshe ka ga ƙofofin ɗanɗana barasa a jere, amma ba ka ga inda ake sayar da burodi ba.

Ga Musulmi matsalar ta ninka. Shahararrun girke-girken Bourgogne, wato boeuf bourguignon da coq au vin, da barasa ake dafa su, jambon persillé kuwa naman alade ne. A Alsace, choucroute da tarte flambée da alade suke zuwa. Ko salak ka ce a kawo, ka tambaya ko akwai lardons, 'yan gutsattsarin aladen da suke barbaɗawa. Ni tun da safe nake shiga gidan burodi in sayi na yini, in haɗa da cuku, dafaffen ƙwai, ayaba da dabino, ba na jiran yunwa ta tuna mini. A kan hawa yunwa ba ta sallama: ƙafa ce kawai za ka ji ta mutu. Wasu masu gona suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, jus de raisin za ka ce, amma ka karanta kwalbar da idonka.

Ruwa kuma, gora biyu. In sun ƙare ka nemi maƙabartar ƙauye, yawanci akwai famfo kusa da ƙofa wanda ake ban ruwan furanni da shi, mahaya keke sun daɗe da sanin wannan. In ka ga an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne, wuce.

Akwai masu zaɓar lokacin girbi, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wai don su ga hidima. Hidimar tana da kyau, amma waɗannan 'yan siraran hanyoyin na manoma ne kafin su zama naka. Taraktoci masu dogayen ƙafafu suna fitowa daga tsakanin kunyoyi ba zato, ga laka da matsattsen inabi a kwalta, ga masauki ya yi wuya. In ka ji ƙugin tarakta, raɓe ka ba shi hanya. Kuma don Allah a daina tsinkar inabin mutane. Gonakin nan dukiya ce mai tsadar gaske, UNESCO ma ta saka na Bourgogne cikin kayan tarihin duniya a 2015, kuma ko ba haka ba, ba naka ba ne. Ni Mayu, Yuni ko farkon Oktoba nake zaɓa. Yuli da Agusta akwai zafi, kuma kurangar inabi ba ta da inuwar da za ta rufe mutum.

Gangara ma tana kayar da mutane fiye da hawa. Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, yana ɗaukar zafi ya rage kamawa. Matsa, saki, matsa, kuma ka rage gudu kafin kwana, domin ruwan sama yana wanko tsakuwa daga gonaki ya tara ta daidai nan. Kafin ka bar shagon haya ka gwada hannuwan birkin: a Faransa na hagu ne yawanci na tayar gaba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Kada ka bari manhajar mota ta ɗora ka a kan D974 tsakanin Dijon da Beaune, babban titi ne mai cike da motoci, ka bi koren allon da ke da hoton keke. A cikin ƙauye, inda babu alama, motar da ta fito daga damanka ita ce da hanya. Saka abin jin sauti a kunne kana tuƙi laifi ne, akwai tara. Yaro ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano, kai ma babba ka sa. Tif, famfo da kayan faci su kasance a jakarka, mai gyaran keke ba a kowane ƙauye yake ba. Ramin Bois Clair da ke kusa da garin Cluny, inda hanyar keke ke bi ta ƙarƙashin tudu, mai tsawon kilomita 1.6, ana rufe shi lokacin sanyi saboda jemagun da ke kwana a ciki, kuma hanyar da za ka zaga ta saman tudu ce. In kwarin Rhône za ka bi, ka taso daga arewa zuwa kudu, iskar mistral ta tura ka ta baya. Jirgin ƙasa na TER, mai zirga-zirga a cikin yanki, yana ɗaukar keke, amma TGV, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, sai ka kama wa keken wuri tun da wuri ko ka kwance shi ka saka a jaka, don haka ka duba lokacin TER na ƙarshe tun kafin ka bar gida.