Yadda Ake Mayar da Hoto Kan Katako

Abin da ake so ya tsaya a jikin katako shi ne tawadar hoton kawai. Takardar za a murje ta gaba ɗaya daga baya. Shi ya sa irin bugun hoton ya fi komai muhimmanci a wannan aiki.

Ka buga hoton da firintar leza ko injin fotokofi, wato mai aiki da hodar tona. Hodar nan garin roba ce da zafi ke narkarwa ta kama saman takarda, ruwa ba ya narkar da ita. Firinta mai tawadar ruwa kuwa, tawadarta tana shiga cikin takarda, da zarar ta jiƙe sai launi ya dame. A yi amfani da farar takarda ta yau da kullum mai giram 80. Takardar hoto mai ƙyalli ba ta murzuwa. Kafin a buga, a juya hoton a kwamfuta dama ta koma hagu, domin kife shi za a yi. Idan aka manta da wannan kuma akwai rubutu a ciki, a birkice zai fito.

Katako ya zama mai haske, kamar farin filawud. Firinta ba ta buga farin launi, saboda haka duk inda yake fari a hoton, launin katakon ne zai bayyana. Farar riga a kan jan katako ja za ta koma, fuska kuma ta dushe. Goge katakon da sanfefa mai lamba 120, ka bi da 220, ka share ƙurar tas.

Gam ɗin da ya fi dacewa shi ne na masu zane, irin Mod Podge ko Liquitex. Farin gam ɗin kafinta ma yana yi, amma yana laushi idan ya sake shan ruwa, don haka sai an fi lallaɓa shi. Cokalin cin abinci biyu ya isa hoto mai girman A4. Shafa shi a kan katakon da buroshi ko'ina daidai. Inda gam ya yi kaɗan tawada ba za ta kama ba, wurin zai fito fayau. Inda ya yi yawa kuma takarda ta tattare, ta zame. Da hunturu ka yi hanzari, iska tana busar da saman gam cikin 'yan mintuna.

Kifa hoton sau ɗaya, kada ka ja shi. Da tsohon katin banki ka riƙa dannawa daga tsakiya zuwa gefe har iskar da ta maƙale ta fice, don kowane kumfa rami ne a hoton. Goge gam ɗin da ya tsattsafo a gefe, sannan ka ajiye shi a inuwa awa 24. Da damina ka ƙara masa wuni guda.

Murzar ce ke ɓata wa yawancin mutane aiki. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan takardar kamar minti biyu, har hoton ya fara bayyana ta bayanta. Sai ka sa tafin yatsa, ba farce ba, ka riƙa murzawa a hankali. Takardar za ta riƙa nannaɗewa tana fita. Kada ka nemi gamawa a zama ɗaya. Cire kaurin farko, ka bar shi ya bushe. Za ka ga wani farin hazo ya rufe hoton, ragowar zaren takarda ne. Jiƙa yatsa kaɗan ka sake bi, sau biyu ko uku, kana barin shi ya sha iska a tsakani. Da ka ga baƙi ko launi a yatsanka, dakata, ka fara cin tawadar ke nan. Gefe da kusurwa su ne suka fi saurin ɓarewa, kuma a ganina ɗan ɓarewar gefe tana ƙara wa aikin kyau, amma a kan fuska ba ta da gyara.

Bayan ya bushe sarai, shafa masa gam ɗin nan siriri sau biyu, ko man ƙyallin katako marar launi, da tazarar awa biyu. Ragowar hazon zai ɓace, launi ya fito sosai. A rataye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye.