Babi na Shida: Taimin Bel da Taimin Sarƙa

A cikin injin mota akwai sanduna biyu da dole su riƙa juyawa tare. Ta ƙasa ita ce kuranshaf, wadda fistin ke juyawa. Ta sama ita ce kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Duk juyi biyu na ta ƙasa, ta sama juyi ɗaya take yi, ba ƙari ba ragi. Abin da ya haɗa su shi makanikai ke kira taimin. A wata motar bel ne na roba mai haƙora, a wata kuwa sarƙa ce ta ƙarfe, 'yar'uwar cen ɗin babur.

Mutane da yawa kan ɗauka fambel shi ne taimin bel. Ba shi ba ne. Fambel a fili yake, da ka buɗe bonet za ka gan shi yana juya altaneta. Taimin bel a ɓoye yake bayan wani baƙin murfi a gefen injin. Ita kuwa sarƙa cikin murfin ƙarfe take, a kulle, baƙin mai na yi mata wanka.

Wanne ke cikin motarka?

Cikin motocin da suka cika titunan Jos, Peugeot 406 da Golf 3 masu silinda huɗu bel gare su. Haka Camry ta 1997 zuwa 2001. Daga 2002 Camry mai silinda huɗu ta koma sarƙa, Corolla ta 2003 zuwa 2008 ma sarƙa ce. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana ruɗa mutane: mai silinda huɗu sarƙa, mai silinda shida bel. Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel, daga 2007 sarƙa. Tsohuwar 504 ta fetur, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, sarƙa ce. Sunan mota kaɗai bai wadatar ba, a dubi shekara da irin injin.

Bel ba ya sallama

Matsalar bel ita ce ba ya kuka kafin ya tsinke. Mota na tafiya lafiya lau, sai kawai ta mutu, wataƙila a tsakiyar Hawan Kibo. Shi ya sa ake canza shi da lissafi, ba da jiran alama ba. Yawancin kamfanoni sun sa wa'adinsa tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Roba tana tsufa ko da motar a ajiye take.

A lura da mita. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Sannan mitar motar hannu ba abin rantsuwa ba ce, akan mayar da ita baya. Idan ka sayi mota mai bel, ba kuma takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, ka canza kawai.

Ɓarnar tsinkewar ta danganta da ƙirar injin. A wasu injuna, wurin da bawul ke saukowa nan ne fistin ke hawowa, taimin ne kaɗai ke hana su haɗuwa. Bel na tsinkewa, kamshaf ta tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin ya taso ya doke su, su lanƙwashe. Aikin da bel ɗaya zai gama sai ya koma sauke kan injin, sayen bawul da gaskit, wani lokaci har fistin. Accord mai silinda shida da 406 irin wannan ne. Camry mai injin 2.2 ta fi sauƙi, mutuwa kawai take yi. Ko ma wace ce, idan mota ta mutu haka, ka murza makulli ka ji injin na juyawa sakayau ba nauyi, ka daina murzawa. A ja ta zuwa gareji.

Ranar canji

Kada a sayi bel shi kaɗai. A haɗa da tenshina, wato abin da ke ɗame shi, da ƙananan fulen da yake bi ta kansu, da wata-famfo, wato famfon ruwan sanyaya injin, idan bel ɗin ne ke juya shi. Dalili: in wata-famfo ya ƙage bayan wata uku, zai cinye sabon bel, ka sake biyan kuɗin aiki. A duba oyil-sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na sandunan biyu, domin baƙin mai in ya ɗiga kan bel sai robar ta yi laushi, haƙoran su zube. A kasuwar kayan mota ta Dilimi akwai na kirki, akwai jabu, kwalinsu kuma kama ɗaya. Ka tafi da makanikin da ka yarda da shi, kada arha ta ja ka.

Ga abin da ya kamata idonka ya gani a garejin, ko a Farin Gada ne ko a unguwarku. A cire kan batir. Kafin a taɓa tsohon bel, a juya injin har alamun da ke jikin fule su daidaita da na jikin injin. Sabon bel ba a naɗe shi, ba a kuma cusa shi da sukundireba. Bayan an ɗame, a sa sifana a juya kuranshaf da hannu sau biyu, a sake duba alamun, sannan a tada injin. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota rawar jiki, rashin ƙarfi da shan mai. Ba laifi ba ne ka ce, “Oga, don Allah nuna mini alamun kafin ka rufe.” A rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin.

Sarƙa da baƙin mai

An yi sarƙa ne ta daɗe tare da injin, amma ranta yana hannun baƙin mai. Tenshinarta da ƙarfin mai take aiki, kuma sarƙar kan wasu faifan roba take zamewa. In mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, gaɓoɓinta su cinye, ta ƙara tsawo, ta fara lilo.

Ita dai tana da kirki, takan yi gargaɗi. Da sanyin asubar Jos, musamman a Disamba da Janairu, ka tsaya gefen injin a tada shi. Idan ka ji kacau-kacau daga wajen murfin taimin, kullum safiya, ƙarar kuma tana ƙara daɗewa, a duba. Wutar injin kan kama a dashbod, na'urar bincike ta nuna lamba P0016, ma'ana sandunan biyu sun saɓa.

Da ƙurar hunturu irin tamu, a yi juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, a kuma zaro sandar awon mai duk mako. A zuba kaurin man da littafin motar ya faɗa. Corolla ta 2003 zuwa 2008, 5W-30 aka rubuta mata. Mai kauri irin 20W-50, da wasu ke zubawa wai don ya fi riƙe injin, yakan yi nawar hawa sama da safe, a 'yan daƙiƙun nan kuwa sarƙa ta fi cinyewa.

Aikin gida

Mitar wata Sienna ta 2005 tana nuna mil 90,000. Kilomita nawa ke nan? Bel gare ta ko sarƙa? Rubuta kayan da mai ita zai saya kafin ya kai ta gareji.