Yadda za ka gano kurciyoyin da ke cikin sunan furen columbine

Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa Turawan Ingila suke kiran wani fure columbine, to ya fara da kalmar kanta kafin ya nemi furen. Tushenta shi ne columba, wato kurciya ko tattabara a harshen Latin, kuma daga gare shi aka samu columbina, ma'ana mai kama da kurciya. Kalmar ta bi ta tsohon Faransanci, ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14.

Bayan ka riƙe wannan, sai ka nemi furen ko hotonsa mai kyau, musamman nau'in Turai da masana ke kira Aquilegia vulgaris, wanda kansa yake sunkuye ƙasa. Ka guji nau'o'in da masu lambu suka sarrafa har ganyen furensu ya cunkushe, domin siffar ta ɓace a jikinsu. Ka dube shi daga gefe, za ka ga ganyen fure biyar, kowanne da doguwar jela mai lanƙwasa a ƙarshe, inda ruwan zaƙi yake taruwa. Ka ɗauki jelar a matsayin wuya da kai, faffaɗan ɓangaren a matsayin jiki, ganyayen da suka baje a gefe kuma su zama fukafukai. Da zarar idonka ya saba, sai ka ga kurciyoyi biyar sun haɗa kawunansu wuri guda kamar suna shan ruwa a kasko ɗaya. A ganina wannan ne matakin da ya fi muhimmanci, domin wanda bai ga tsuntsayen da idonsa ba, haddar tarihin kalmar kawai ya yi.

Daga nan ka koma kan sunan kimiyya, wanda masanin tsirrai Carl Linnaeus ya yi amfani da shi a shekarar 1753. Yawancin masana suna danganta Aquilegia da aquila, wato mikiya, saboda jelar da ka ɗauka wuyan kurciya tana kuma kama da akaifar mikiya. Wasu kuwa sun ce daga kalmar Latin mai nufin tara ruwa ya fito.

Idan furen gaske ka riƙe, ka wanke hannunka bayan ka gama, domin irinsa da saiwarsa suna da guba.