Yadda ake hana manhajar imel buɗewa da kanta idan an kunna kwamfuta

Manhajar imel ba ta buɗe kanta haka kawai. Idan ka kunna kwamfuta ka ga Outlook ko Thunderbird ko Mail ya bayyana a allo tun kafin ka taɓa komai, to akwai inda aka ba shi izini. Ko dai sunansa yana cikin jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, ko kuma kwamfutar ce ke dawo maka da abin da ka bari a buɗe lokacin da ka kashe ta. Waɗannan matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban. Yawancin mutane na farkon suke bi, su bincika jerin kaf ba su ga sunan manhajar ba, sai su haƙura, alhali na biyun ne ke damun su.

Abin ya cancanci a gyara shi. Manhajar imel tana da nauyi, da ta tashi sai ta fara neman intanet, tana sauke saƙonni da fayilolin da aka maƙala musu, a daidai lokacin da kwamfutar ke fama da nata aikin na farkawa. A kan tsohuwar kwamfuta za ka ji jinkirin sosai. Ga kuma batun sirri: wanda ya haɗa kwamfutarsa da majigi a ɗakin taro ba zai so akwatin saƙonninsa ya zama abin da jama'a za su fara gani ba.

Mataki na farko: gano wace matsalar ce

Kada ka tsallake wannan, shi ne zai rage maka wahala. Rufe manhajar gaba ɗaya, sannan ka sake kunna kwamfutar.

"Gaba ɗaya" ɗin nan yana da muhimmanci. A Windows, wasu manhajojin ba sa rufewa idan ka danna X, sai su koma su laɓe a kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. Danna 'yar kibiyar da ke wurin, idan ka ga alamar manhajar, ka danna mata maɓallin dama na linzami ka zaɓi Exit ko Quit. A kwamfutar Mac kuwa, maɓalli mai launin ja da ke saman taga, tagar kawai yake rufewa, manhajar tana nan tana aiki. Sai ka danna Command da Q tare kafin ta rufe da gaske. Sannan ka tuna rufe murfin laftof ba kashewa ba ne, barci kawai ta yi, duk abin da ka bari za ka tarar da shi yadda yake.

Idan bayan an sake kunnawa manhajar ba ta fito ba, kwamfutarka ce ke dawo da abin da aka bari a buɗe, sai ka wuce mataki na huɗu. Idan ta fito duk da haka, ci gaba da na biyu.

Mataki na biyu: duba saitin manhajar

Wasu manhajojin, irin su eM Client da Mailbird, suna da wannan zaɓin a cikin saitinsu. Shiga Settings, ka duba sashen General, ka nemi layin da ke ɗauke da kalmar startup, ka cire alamar da ke jikinsa. Ya fi kyau a fara daga nan, domin idan ka kashe ta wani wurin ka bar wannan a kunne, manhajar tana iya mayar da kanta cikin jerin bayan an sabunta ta. Thunderbird da tsohon Outlook na cikin Microsoft Office ba su da irin wannan zaɓin, kada ka ɓata lokaci kana nema.

Mataki na uku: cire ta daga jerin masu tashi da Windows

A Windows 10 da Windows 11, danna maɓallin Windows da harafin I tare, Settings zai buɗe. Zaɓi Apps, sannan Startup. Za ka ga jerin manhajoji, kowace da makunni a gefenta. Nemi ta imel ka mayar da makunninta zuwa Off.

Akwai wata hanyar zuwa wannan jerin. Danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka shiga Startup, ko Startup apps idan Windows 11 ne. Danna sunan manhajar, ka zaɓi Disable. Na fi son wannan hanyar saboda a tebur ɗaya take nuna maka sunan kamfanin da ya yi kowace manhaja da kuma nauyin da take ɗora wa kwamfuta wajen tashi: High, Medium ko Low. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, aka kawo jerin nan cikin Task Manager. Mai amfani da Windows 7 sai ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta msconfig, ya shiga Startup.

Disable ba ya goge manhajar, ba ya taɓa saƙo ko ɗaya. Amma da ka ga jerin za ka ji kamar ka kashe komai. Yi hattara. Bar manhajar kariya daga bairos, da abin da ya shafi sauti da linzami. Wanda ba ka san aikinsa ba, ka ƙyale shi har sai ka bincika.

Sai kuma foldar Startup, wadda nan ne Outlook da Thunderbird suka fi samun hanya, saboda wani ya taɓa ajiye su a ciki da hannunsa, watakila wanda ya saita maka kwamfutar tun farko. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta shell:startup, ka danna Enter. Duk abin da ke cikin foldar da ta buɗe yana tashi da zarar ka shiga. Idan ka ga alamar manhajar imel mai 'yar kibiya a kusurwarta, goge ta, ai hanya ce kawai zuwa manhajar, ita kanta tana can inda take. Maimaita da shell:common startup, wadda ita ce ta duk masu amfani da kwamfutar. Wannan za ta iya neman izinin mai kula da na'urar kafin ta bari a goge wani abu.

Mataki na huɗu: hana kwamfuta dawo da abin da ka bari

Tun sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2017, tsarin ya fara tuna wasu manhajojin da ke buɗe lokacin da aka kashe kwamfuta, ya sake buɗe su idan an dawo. Niyyar mai kyau ce, a ci gaba da aiki daga inda aka tsaya. Sai dai ga mutumin da imel ɗinsa ke buɗe yini guda, yana kashe kwamfuta ba tare da ya rufe shi ba, sakamakon shi ne kullum da shi zai fara cin karo, kuma ba zai taɓa ganin sunansa a jerin Startup ba.

Shiga Settings, zaɓi Accounts, sannan Sign-in options. Gangara ƙasa har ka ga layin da ya fara da "Automatically save my restartable apps". A Windows 10 yana ƙarƙashin Restart apps, a Windows 11 kuma yana cikin Additional settings. Kashe shi. Ka sani wannan makunnin na duk manhajoji ne, don haka burauzarka ma ba za ta riƙa dawowa da kanta ta wannan hanyar ba.

Idan Mac kake amfani da shi

Hanya mafi sauri tana kan Dock, wato layin alamomin manhajoji da ke ƙasan allo. Riƙe Control ka danna alamar Mail ko Outlook, ka je Options, idan akwai alama a gaban Open at Login ka danna ta ta fita. Cikakken jerin yana System Settings, General, Login Items, ga masu macOS Ventura na 2022 zuwa sama. A tsofaffin kuwa yana System Preferences, Users & Groups, Login Items. Zaɓi manhajar ka danna alamar debewa da ke ƙasan jerin.

Mac ma yana dawo da abin da aka bari. Duk lokacin da za ka kashe shi, akwatin da ke tambayarka ko ka tabbata yana ɗauke da wani ƙaramin layi, "Reopen windows when logging back in". Cire alamar da ke gabansa, zai riƙe zaɓinka har zuwa gaba.

Masu Linux su duba foldar ~/.config/autostart, su cire fayil ɗin da ke da sunan manhajar. A nau'o'in Ubuntu da suka gabaci na ƙarshen 2025 akwai Startup Applications da ke yin wannan aikin, a KDE kuma akwai Autostart cikin System Settings.

Idan har yanzu tana fitowa

A Windows saura wurare biyu. Na farko Task Scheduler, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara musu: rubuta sunansa a wurin bincike, ka duba ayyukan da aka tsara su fara "At log on", ka kashe wanda ke kiran manhajar imel. Na biyu rajistar Windows (Registry), ma'ajiyar saitunan tsarin, wadda ban ba kowa shawarar ya shiga da hannu ba, domin kuskure ɗaya a can yana iya jawo matsalar da ta fi wadda ake son gyarawa. Gara ka sauke Autoruns daga shafin Microsoft, kyauta ne, yana tattaro duk wuraren nan a allo ɗaya, kai dai ka cire alama daga gaban sunan. Idan kuma kwamfutar ofis ce, kana kashewa tana dawowa, mai yiwuwa masu kula da na'urorin wurin ne suka tsara haka daga can, sai ka yi musu magana.

Hana manhajar buɗewa da kanta ba zai sa ka rasa saƙo ba. Saƙonnin da aka aiko maka suna ajiye a wurin kamfanin da ke riƙe da imel ɗinka, za su sauko duk lokacin da ka buɗe manhajar. Abin da zai canja shi ne sanarwa. A tsohon Outlook da Thunderbird, muddin manhajar tana rufe, ba za ka ji ƙarar shigowar saƙo ba, tunatarwar taron da ke kalandarka ma ba za ta fito ba. Idan da ita ka dogara wajen tuna lokacin taro, sa kalandar a wayarka kafin ka kashe wannan saitin.