Yadda ake karanta jadawalin tsarin rundunar sojan ƙasa

In aka ba ka jadawalin rundunar sojan ƙasa, kada ka fara daga janar-janar. Sauka can ƙasa ka hau da lissafi, domin galibin rundunoni a kan uku-uku aka gina su.

Mafi ƙanƙanta shi ne sashe, mutum 8 zuwa 10 a hannun kofur. Sashe uku da 'yar hedkwatarsu su ne filatun, kimanin mutum 30 zuwa 40, laftana ke riƙe da ita, saja na dafa masa baya. Filatun uku su ba da kamfani, mutum 100 zuwa 150. Kamfanoni uku ko huɗu na 'yan bindiga, da na manyan makamai, da na hedkwata, su ne bataliya, mutum 500 zuwa 800 ƙarƙashin laftanar kanar. Bataliya uku zuwa biyar birged ke nan, birged biyu zuwa huɗu kuma dibishin, wadda manjo janar ke jagoranta, da dakaru 10,000 ko fiye. Dalilin wannan lissafi shi ne, in wuta ta yi wuta, kwamanda ɗaya ba ya iya bin diddigin ƙananan kwamandoji fiye da biyar. Uku kuwa na ba shi damar tura biyu gaba, ya ajiye ɗaya don ko-ta-kwana.

Daga nan ka duba muƙamin mai riƙe da kowane rukuni, amma ka san tsarin da ƙasar ta gada. A tsarin Birtaniya manjo ke riƙe kamfani, a na Amurka kyaftin ne. Birged ɗin Birtaniya na hannun birgediya, ta Amurka kuwa kanar ake ba wa. Sunan da ya fi ruɗa mutane shi ne rajimanti. A Birtaniya, rajimantin tankoki girman bataliya ɗaya ce, amma ta sojan ƙafa tana iya ƙunsar bataliyoyi da dama da ba sa fita yaƙi tare.

Idan jadawalin na alamomin ƙungiyar tsaro ta NATO ne, kowane rukuni da akwati ake zana shi, kuma alamar girmansa na saman akwatin: ɗigo uku filatun, sanda ɗaya kamfani, sanda biyu bataliya, X birged, XX dibishin. Abin da ke cikin akwatin shi ke nuna aiki. Layi biyu da suka gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa sojan ƙafa ne, zobe mai siffar ƙwai tankoki, baƙin ɗigo igwa. Sabon shiga kan ga gicciyen ciki ya ce birged ce, alhali wataƙila kamfani ne kawai.

Hafsoshin hedkwata da lamba ake sanin su: 1 harkar ma'aikata, 2 bayanan sirri, 3 ayyukan yaƙi, 4 abinci da mai da harsashi, 6 sadarwa. Su ba kwamandoji ba ne. Duk odar da suka aika ƙasa, da sunan kwamanda take fita.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne aro. A ce an ɗauko kamfanin tankoki an jingina wa bataliyar ƙafa don wani farmaki. Tambayi abu uku: wa ke ba shi oda, zuwa yaushe, kuma wa zai kawo masa mai da kayan gyara? Ba a sarki biyu a gari ɗaya, don haka dole takardar oda ta fayyace na farkon. Na ukun ne ake yawan mantawa. Bataliyar ƙafa ba ta da makanikan tanka, ba ta kuma da motocin dakon man da tankoki ke sha, sai ka ga ƙarfe ya tsaya a hanya kowa na ɗora wa wani laifi.

Adadin da ke kan jadawali kuma abin da aka amince a cike ne. Cire marasa lafiya, da masu hutu, da waɗanda ke kwas, da guraben da ba a cike ba. Nemi rahoton ƙidaya na yau da kullum da ke fitowa daga ofishi mai lamba 1, shi ke nuna mutum nawa ne za su ɗauki bindiga a ranar.