Ƙara wa tsofaffin abokan ciniki kuɗin wankin mota

Salamu alaikum 'yan uwa masu wankin mota. Jiya wani ƙanena mai wuri a Zariya ya tambaye ni yadda zai ƙara wa Alhazan da suka shekara 5 suna kawo masa mota kuɗi, bayan sabulu, man goge taya da kuɗin ruwa duk sun tashi. Ga yadda na yi a nawa wurin.

Kada ka bari sai an gama wanki, mutum ya miƙo jaka 2 yadda ya saba, sannan ka ce masa ai an ƙara. Wannan shi ke ɓata zumunci, don zai ji kamar ka yi masa tarko. Ni sai da na kira kowa wata guda kafin lokacin, na gaishe shi da iyali, na ce: "Alhaji, daga farkon wata mai kamawa wankin ciki da waje zai koma jaka 2 da rabi, saboda kayan da muke sarowa daga Kano sun yi tsada." Mafi yawansu cewa suka yi ai sun daɗe suna mamakin yadda ban ƙara ba.

Sabon farashin kuma na fara shi a kan baƙi, tsofaffi na bar su a tsohon kuɗi har zuwa farkon watan da na faɗa musu. Wanda ya fi daɗewa, lokacin hunturu da ƙura ke cika kujeru, nakan busa masa ciki kyauta sau ɗaya a wata.

Ka guji ƙarin daf da Sallah, mutane na fama da kuɗin rago da ɗinkin yara.