Lambun buhu a tsakar gida: haɗin ƙasa, shuka da ban ruwa

Gidajen birni da yawa a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram an shafe tsakar gidansu da siminti, babu ko taku ɗaya na ƙasa da za a soka iri. Wannan ba ya hana a ci alayyahu, kuɓewa da tumatir na gida, domin buhun shinkafa da aka juye ya isa ya riƙe shuka har ta yi 'ya'ya. Sai dai shukar da ke cikin buhu ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemo ruwa ko abinci, abin da aka zuba mata shi ne rabonta. Shi ya sa yawancin lambun buhu da ke lalacewa, idan aka bi diddigi, daga haɗin ƙasa ne ko daga ban ruwa.

Buhu da inda za a ajiye shi

Buhun shinkafa ko na masara mai cin kilo 50 ya fi dacewa. Idan na takin zamani ne a wanke shi, a cire ledar da ke ciki. A naɗe bakinsa zuwa waje har tsayinsa ya dawo kamar santimita 40, sannan a ɗora ƙusa a wuta a huda shi wuri takwas ko goma a gindi da ƙasa-ƙasan gefe. Ƙusa mai zafi tana narkar da bakin hujin, saƙar ba za ta warware ba. Bokitin fenti mai lita 20, tsohuwar jarka da aka yanke da rabin duro duk suna yi, amma ban da duk wani mazubi da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai.

A zaɓi wuri tun kafin a cika, saboda buhun da ya cika ya sha ruwa ba ya ɗaukuwa cikin sauƙi, kuma jan sa a ƙasa yana tsinka saiwoyi. Tumatir, tattasai da kuɓewa suna son rana ta awa shida ko fiye, ganyayyaki kuwa awa huɗu ta ishe su. Wurin da ke samun hantsi, inuwar katanga ta rufe shi bayan azahar, ya fi wanda ranar yamma ke duka. A ɗora buhun a kan bulo biyu ko duwatsu. Simintin tsakar gida yana ɗaukar zafi sosai a bazara, yana dafa saiwar da ke gindi, ga shi idan buhu ya zauna daram a ƙasa ruwa ba ya samun hanyar tsiyayewa. Mai son jera buhuna a saman bene ya jera su ta jikin bango, kada ya tara su a tsakiyar rufin.

Haɗin ƙasa

Buhun da aka naɗe haka yana cin kusan bokitin fenti biyu. Haɗin da ke aiki shi ne bokiti ɗaya na ƙasar gona ta sama-sama, rabin bokiti na ruɓaɓɓen taki, rabin bokiti na buntun shinkafa. A cakuɗa a kan leda ko a daɓe har launin ya zama ɗaya, a yayyafa ruwa, sannan a cika buhu a bar tazarar yatsu huɗu daga baki. Kada a danna da ƙafa, a dai girgiza buhun ƙasar ta zauna da kanta.

Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da dalilinsa. Ƙasar jigawa zalla ruwa yana wucewa ta cikinta nan take, da azahar shuka ta yi yaushi. Laka zalla kuwa, irin ta fadama, tana riƙe ruwa har saiwa ta rasa iska ta ruɓe, idan ta bushe kuma ta ƙame ta tsattsage. Buntu yana buɗe ƙasa iska ta shiga, taki yana riƙe danshi yana ciyarwa. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi haɗin da ɗan danshinsa. Idan ya dunƙule kamar fura amma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi. Idan ya ƙi dunƙulewa a ƙara taki, idan ya manne a tafin hannu a ƙara buntu ko yashi mai tsakuwa.

Buntu yana da sharaɗi. Sabo fil daga injin casa, haka ma garin katako, idan aka cusa shi a ƙasa ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin, sai a ga ganye ya yi rawaya alhali an zuba taki. A yi amfani da wanda ya shekara a jibge, ko a babbaka sabon har ya yi baƙi, a kashe wutar da ruwa kafin ya zama toka.

Ƙasar juji tana ruɗin mutane saboda baƙinta. Ta ƙauye, wadda shara ce ta tsakar gida da kashin dabbobi, tana da kyau idan an tankaɗe ta. Ta birni cike take da fasassun batura, kwalabe da ƙonanniyar leda, kuma ganye irin alayyahu yana iya ɗaukar gubar ƙarfe daga ƙasa. Abin da za a ci, gara a nemo masa ƙasar gona.

Takin da ya nuna

Ɗanyen kashin kaji shi ne ya fi kashe dashe. Yana da ƙarfi, yana ƙona saiwa, kwana biyu sai a ga gefen ganye ya bushe. Na awaki da tumaki ya fi sauƙi, na shanu ya fi su duka sanyi, amma kowanne sai ya ruɓe kafin ya shiga buhu. A haƙa rami ko a ware lungu mai faɗin mita ɗaya. A shimfiɗa busasshen ganye da yankakken kara kaurin tafin hannu, a bi da kashin dabbobi rabin wannan kauri, a zuba ɓawon kayan miya da ragowar ganye, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tulin ya kai ƙugu. A rufe da tsohon buhu. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa zai ɗauki zafi, wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya shi duk mako biyu, a ƙara ruwa idan ya bushe. Wata biyu zuwa uku yake ɗauka. Idan yana warin fitsari, kashi ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Idan yana ɗoyi ya yi caɓal, ruwa ya yi yawa, a baje shi ya sha iska. Wanda ya nuna ya huce, ya yi baƙi, ba a gane abin da aka zuba. Nama, ƙashi da mai ba sa shiga, ɓeraye suke kira. Toka kuma a riƙa barbaɗa ta kaɗan-kaɗan, yawanta a kan ɗanyen kashi yana korar naitirojin ya bi iska.

Abin da za a shuka, da lokacinsa

Tumatir ɗan sanyi ne. A reni irinsa a watan Oktoba a cikin kwando ko faffaɗar roba, a dasa a Nuwamba bayan mako uku zuwa huɗu, lokacin da ya yi ganye huɗu ko biyar. Nau'in Roma VF da UC82B suna samuwa a shagunan iri kuma ba sa yin tsawo da yawa. Tsiro ɗaya tak a buhu, a dasa da yamma, a binne kara har zuwa ganyen farko domin ya fitar da ƙarin saiwa, a kafa masa sanda a ranar. Wanda ya dasa a Maris zai ga ganye shar, fure yana kakkaɓewa babu ɗa, saboda zafin da ya haura digiri 35 yana lalata garin furen. Tattasai da attaruhu suna daɗewa a reno, mako biyar zuwa shida, su ma ɗaya a buhu. Latas, karas da kabeji duk na hunturu ne. Latas da zafi ya taɓa sai ya yi tsawo ya yi ɗaci.

Kuɓewa akasin haka take, sanyin hunturu yana tsayar da ita. A shuka ta a bazara ko damina, a jiƙa irin ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya uku a rami, a bar biyu a buhu. Wajen kwana 50 zuwa 60 take fara 'ya'ya, kuma sai ana tsinka duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta yi ƙarfi uwar ta daina haihuwa. Rama, yakuwa da lalo ma ba sa tsoron zafi.

Mai farawa ya fara da alayyahu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya cokali ɗaya da cokali goma na yashi a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Mako uku zuwa huɗu an fara ci. Idan aka yanka aka bar gindi kamar tsawon yatsa da ganye biyu, zai sake toho.

Akwai kuma tsayayyen buhu, irin wanda ya yaɗu a unguwar Kibera ta birnin Nairobi. Ba a naɗe shi. Ana sa babban gwangwani da aka fasa sama da ƙasa a tsakiya, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja gwangwanin sama, a maimaita har baki. Ginshiƙin tsakuwar ke kai ruwa ƙasa, sai a tsaga jikin buhun a dasa ganye ta gefe. Ya dace da latas da alayyahu, bai dace da tumatir ba.

Ban ruwa

Kada a bi agogo, a bi ƙasa. A tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu, idan da danshi a dakata. Idan za a ba da ruwa a zuba a hankali a gindi har ya fara ɗiga ta hujin ƙasa. Yayyafi sama-sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke ƙona ta. Tumatir mai 'ya'ya yana shan lita biyu zuwa uku a rana, wato buhu goma za su ci kusan jarka ɗaya ta 'yan ga-ruwa mai lita 25. Ya kamata a yi wannan lissafi kafin a jera buhu talatin. A bazara sai safe da yamma, a kuma yi rumfar zana ta tare ranar azahar.

Yaushin ganye ba kullum ƙishi ba ne. Idan ƙasa jiƙe take amma shuka ta langaɓe, ganyen ƙasa yana rawaya, ruwa ne ya yi yawa, a duba ko huji ya toshe. Baƙin tabo a gindin tumatir, wanda ake ɗauka cuta ce, yawanci daga ban ruwa na yau a cika gobe a manta yake zuwa, domin sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan sai da ruwa mai ɗorewa. Feshi ba ya maganinsa.

Abu biyu suna rage shan ruwa sosai. Na farko a rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, ba tare da ya taɓa karan shuka ba, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara. Na biyu a binne ƙaramin tulu ko tukunyar ƙasa marar fenti har wuya, a cika da ruwa a rufe bakin saboda sauro. Ruwan yana tsatsowa ta jikin yumɓu gwargwadon bushewar ƙasa. Tulu yana cin wuri, ya fi dacewa da rabin duro. A buhu, gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka huda da allura wuri huɗu ta ƙasa tana yin kusan wannan aiki.

Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na kayan miya duk a tara su a bokiti, suna da kyau. Ruwan omo da na bilic suna tara gishiri, suna kashe ƙasa. Ruwan kwata kuwa ba ya kusantar ganyen da za a ci. Idan farin ɓawo ya fito a saman ƙasa, gishirin ruwan rijiya ne ko na taki, a kankare shi a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ta ƙasa.

Taki na cikin buhu yana ƙarewa bayan kamar wata guda. A ƙara cikin hannu biyu na ruɓaɓɓen taki duk mako uku. Mai amfani da takin kamfa, wato NPK 15-15-15, ya ɗauki ma'aunin murfin kwalbar lemo, kusan gram 6, irin wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa ga manoman gero a Nijar. A binne shi nesa da kara da tazarar yatsu huɗu, a bi da ruwa. Kamfa da yawa ganye yake sa tumatir, ba 'ya'ya ba.

Ƙwari da dabbobi

Kaji, awaki da ƙadangaru suna gama da yabanya kafin ƙwaro ya iso, don haka shinge na waya ko na kara shi ne maganin farko. Darɓa da farin ƙuda suna ɓuya a bayan ganye, a riƙa juya ganye ana dubawa. Farin ƙuda ne ke kawo cutar nannaɗewar ganyen tumatir, wadda ba ta da magani, sai a tuge shukar da ta kamu. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da Jigawa a 2016. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta bar farin tabo mai haske. A lambun gida tsinke ganyen da ya kamu a ƙona ya fi feshi tasiri. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki, a wanke a ɗaura kan sanduna, yana tare su duka. Idan tumatir yana ƙarƙashinsa a riƙa girgiza sandar da safe domin furen ya ɗauka.

Na feshi, a daka gram 50 na ƙwayar 'ya'yan darbejiya, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki. A fesa da yamma, sama da bayan ganye, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, don haka a maimaita duk mako da sabon haɗi. Fiya-fiya da makamantansa ba na ganyen miya ba ne ko kaɗan.

Bayan an gama girbi a tuge shukar a duba saiwa. Idan tana da ƙulle-ƙulle, ƙaramar tsutsar ƙasa ce da ake kira nematod, kada a sake sa tumatir ko kuɓewa a wannan ƙasa. A jiƙa ta, a baje ta cikin farar leda mai haske, a ɗaure a bar ta a rana mako huɗu zuwa shida a watan Afrilu. Ƙasar da ba ta da matsala a juye ta, a ƙara mata kashi ɗaya cikin uku na sabon taki, a sauya abin da za a shuka: inda aka yi tumatir a sa ganye ko wake. Buhun kansa rana tana cinye shi cikin shekara guda, sai a sake wani, ko a lulluɓe jikinsa da tsohon kwali tun farko ya ƙara kwana.